Toshewar firinta a Karaye da Rogo: ba duka laifin tawada ba ne

Da zarar hunturu ya kankama a yammacin Kano, masu shagunan kwamfuta sun san kasuwarsu ta buɗe. An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, aure ya yawaita, ga masu katin gayyata sun yi layi. Ga ɗalibai masu neman fasfo da takardun JAMB da NECO, ga mai son a fitar masa da takardar NIN. A daidai wannan lokaci ne kuma firinta take ƙin ba da haɗin kai. Takarda ta fito da fararen layuka a tsakiyar rubutu, ko fuskar mai fasfo ta koma ruwan hoda saboda rawaya ta daina fita. Sai ka ji mai shago yana cewa, "Wallahi tawadar nan ce, jabu aka sayar mini."

Ga wanda shagonsa ke Turawa, a ƙaramar hukumar Karaye, ko Zarewa da Fulatan a ƙasar Rogo, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Ƙwararren mai gyara yana can Kano, wajajen Beirut Road. Zuwa da dawowa zai cinye masa yini, ga kuɗin mota, ga shago a rufe, ga kwastomomi sun koma wajen maƙwabci. Shi ya sa da yawa suke gwada gyaran da kansu, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ta fi toshewar muni.

Ra'ayin wannan shafi shi ne, tawadar da ake ɗurawa ba abar kunya ba ce, kuma ba ita kaɗai ke toshe firinta ba. Wanda yake buga shafi a kan 'yan nairori ba zai iya sayen sabon katirij duk sati ba. Su kansu kamfanonin sun gane haka. A shekarar 2010 Epson ya fara fitar da firinta mai tanki a ƙasar Indonesiya, bayan ya ga yadda mutane ke liƙa wa injinansa tankunan da ba nasa ba. Daga baya Canon da HP suka biyo baya. Abin da ke kashe hed a yankinmu shi ne gauraya tawada, da ƙura, da ɗaukewar wuta, da gaggawa.

Sai an san yadda hed yake kafin a gane haka. Hed shi ne ɗan akwatin nan da ke kai da kawowa yana fesa tawada a kan takarda. A Epson L3110, wadda ta cika shagunanmu, akwai ramuka 180 na baƙar tawada, da 59 ga kowane launi, kuma kowane rami ya fi silin gashi siranta. Epson na amfani da wani ɗan sinadari da ke motsi idan lantarki ya taɓa shi, ya turo ɗigon tawada. Canon da HP kuwa zafi suke amfani da shi: ɗan ƙaramin murhu a cikin ramin yana tafasa tawada cikin ƙiftawar ido, kumfar da ta tashi ta harbo ɗigon waje. Wannan bambanci yana da amfani ga mai shago. A Canon da HP, tawadar ce ke sanyaya murhun. Idan aka ci gaba da bugu alhali launi ɗaya ba ya fita, ramukan suna ƙonewa, kuma abin da ya ƙone babu wankin da zai dawo da shi.

Tawada ma iri-iri ce. Akwai wadda launinta ya narke cikin ruwa, akwai wadda ƙananan ƙwayoyin launi ne ke yawo a cikinta, akwai kuma ta buga riguna da kofuna. Tawadar Epson mai lamba 103 duka launukanta huɗu narkakku ne, amma baƙar tawadar Canon mai lamba GI-490 mai ƙwayoyi ce. To ta yaya kwalba ɗaya mara suna, wadda aka ce "tana shiga kowace firinta", za ta dace da duka biyun? Mai shago ya ɗura wannan a watan Nuwamba, ta ƙare ya ɗura wata a Janairu a kan ragowar ta farko. Idan sinadaransu ba su jitu ba, sai su yi gudaji kamar kunun da ba a dama da kyau ba, su tsaya a bakin ramuka.

Sannan ga hunturu. Iska ta bushe ƙayau, ƙura na shiga ko'ina, shago kuma a bakin titi yake, ƙofa a buɗe. Wasu suna barin murfin tanki a buɗe bayan ɗuri, wasu suna amfani da sirinji ɗaya ga duka launuka, su ajiye shi a kan tebur har wani jiƙon. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta rufe rami.

Babban abin da ba a kula da shi ba shi ne yadda ake kashe injin. Idan aka danna maɓallin kashewa, hed yana komawa gefe ya zauna a kan wata 'yar roba da ke rufe ramukansa don kada iska ta busar da su. Idan kuwa wuta ce ta ɗauke ana tsakar aiki, ko man janareta ya ƙare, ko yaron shago ya zare soket da daddare, hed zai kwana a tsakiya, a buɗe. A watan Disamba, dare ɗaya ya isa tawada ta bushe a bakinsa. Duk mai sola da inbata ya ɗora firintarsa a kai, domin irin wannan firinta ba ta cin wuta kamar mai amfani da tona.

Idan toshewar ta riga ta faru, abu na farko shi ne a duba tanki ko akwai tawada, sannan a buga takardar gwajin ramuka, wadda masu shago ke kira nozil cek. Tana fitar da 'yan layuka na kowane launi. A ajiye ta. A yi wankin hed sau ɗaya daga kwamfuta, a sake buga gwajin, a jera takardun biyu a duba. Idan giɓin yana wuri ɗaya bai motsa ba, toshewa ce. Idan kuwa ya tashi daga nan ya koma can, galibi iska ce ta shiga bututun, wataƙila saboda an bar tanki ya yi ƙasa sosai. Wannan ɗan bambanci kaɗai yana iya hana mutum tafiyar banza zuwa Kano.

A nan ne haƙuri ke ƙarewa. Kwastoma yana tsaye yana cewa, "Malam, sauri nake, mota za ta tashi," sai mai shago ya yi ta danna wanki sau bakwai, sau goma. Littafin da ke zuwa da L3110 ya ce idan an yi sau uku babu canji, a bar injin ya huta awa 12 kafin a sake gwadawa. Hutun yana ba busasshiyar tawada damar jiƙa, kumfar iska kuma ta kwanta. Kowane wanki yana zuƙe tawada mai yawa ya zuba ta cikin wani soso da ke ƙasan injin. Injin yana ƙirga wannan, ranar da lissafi ya cika sai ya tsaya cak, fitilu su yi ta ƙyaftawa. Masu gyara suna goge lissafin da manhaja, amma idan ba a canza soson ba, wata rana tawada za ta malalo kan tebur.

Idan hutu bai yi magani ba, akwai dabara mai sauƙi. A kunna injin, hed na zuwa tsakiya a zare wuta. A naɗe tsabtataccen ƙyalle mara zare-zare, a jiƙa shi kaɗan da ruwan wankin hed ko tataccen ruwa, a shimfiɗa shi a ƙasa, a turo hed a hankali ya hau kansa, a bar shi wasu awanni. A goge robar da hed ke kwana a kai, don sau da yawa ita ce ta yi datti ta daina rufewa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishirin da zai ƙara toshewa. Fetur da kananzir da tafasasshen ruwa kuwa kada a kusantar da su. Haka ma tura ruwa da ƙarfin sirinji: yana fasa cikin hed, kuma idan ɗigo ya taɓa wayoyinsa aka kunna, har allon injin yana iya ƙonewa. Wannan aikin mai gyara ne. A firinta mai katirij, asarar ta tsaya a katirij ɗaya. A Epson kuwa hed a jikin injin yake, kuɗin sabo yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin sabuwar firinta.

Masu sayar da tawada su ma akwai haƙƙi a kansu. Wanda ya juye tawada daga babbar jarka zuwa ƙananan kwalabe bai rubuta irinta da injin da ta dace da shi ba, ya zalunci ɗan ƙauyen da ya amince masa. Rubutu biyu a jikin kwalba ba ya cin ko sisi.

Kira ga masu shaguna a Turawa da Karaye da Rogo: ku zaɓi tawada ɗaya mai suna daga hannun mutum ɗaya, ku tsaya a kanta. Ku lulluɓe injin da ƙyalle idan an tashi, ku kashe shi ta maɓallinsa, kuma ko babu kwastoma ku buga shafi ɗaya mai duka launuka duk bayan kwana biyu ko uku har hunturu ya wuce.