Gadar Naruto: Ana kallon guguwar ruwa a gurbin jirgin da bai zo ba

A ƙarƙashin gadar Onaruto da ke Japan akwai wata doguwar baranda mai tsawon mita 450, wadda mutane ke biyan kuɗi su shiga su taka da ƙafa, motoci na gudu a samansu, teku na ruri a ƙasansu. Sunanta Uzu no Michi, wato hanyar guguwar ruwa, kuma an buɗe ta a shekarar 2000. A wasu wurare an sa gilashi a maimakon daɓe, ta yadda mutum zai tsaya a kai ya leƙa ruwan da ke mita 45 ƙasa da tafin ƙafarsa. Akwai gargaɗin cewa kada a yi tsalle a kan gilashin, ko da yake yawancin masu zuwa ƙafarsu ma rawa take yi kafin su taka shi.

Abin da ake zuwa kallo shi ne ruwan mashigin Naruto, ɗan siririn wurin da ya raba birnin Naruto na lardin Tokushima, a tsibirin Shikoku, da tsibirin Awaji. Faɗinsa bai wuce kilomita 1.3 ba. A kudancinsa akwai ruwan da ke haɗe da tekun Fasifik, a arewacinsa kuma tekun Seto, wanda tsibirai suka kewaye. Idan teku ya ciko daga Fasifik, wani ɓangaren ruwan yakan isa bakin mashigin ta kudu kai tsaye, ɗaya ɓangaren kuma sai ya bi ta gaɓar Osaka, ya ratsa mashigin Akashi, ya zagaye Awaji, sannan ya iso ta arewa bayan kusan sa'o'i shida. Kafin ya iso, ruwan kudu ya riga ya janye. Sai a wayi gari gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu da abin da kan kai mita ɗaya da rabi, ruwan ya kwararo ta ƙaramar ƙofar da gudun kilomita 13 zuwa 15 a sa'a, wani lokaci har 20. Tsakiyar mashigin na da zurfi, ruwanta na gudu sosai, gefe-gefen kuma ba su da zurfi, ruwansu na tafiya a hankali. A inda biyun suka gogi juna ne ruwan ke murɗewa ya yi rami kamar mazurari, mafi girmansu kan kai faɗin mita 20.

Ga wanda ya saba lissafin kwanan wata, ba sai an yi masa dogon bayani kan lokacin zuwa ba. Ruwan ya fi haukacewa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu da sha biyar, lokacin da jan wata da na rana ke haɗuwa a kan teku, musamman a watannin Maris da Afrilu da kuma na kaka. A cikin yini ma akwai sa'o'insa. Wanda ya zo tsakanin cikowa da janyewa, ruwa kwance zai tarar, ya sha iska ya koma. Masu kula da wurin na wallafa jadawalin sa'o'in da ake sa ran gani a kowace rana, abin da ya cancanci yabo, domin da yawan wuraren yawon buɗe ido sun gwammace su karɓi kuɗin baƙo tukuna, ya gano sauran da kansa. Bidiyon da ake yaɗawa a waya ba ya nuna wannan jiran, ba ya kuma nuna cewa kowace guguwa daƙiƙu kaɗan take yi ta watse, wata ta taso a wani gefen.

Sunan wurin ma ya riga shi isa duniya. Matasan da ke kallon zanen barkwancin nan na Naruto Uzumaki sun daɗe suna furta shi, kuma kalmar uzumaki a Japananci ma'anarta abin da ke murɗewa kamar wannan ruwan.

Sai dai tambayar da ba a cika yi ba ita ce: me ya sa aka sami fili mai girma haka a cikin gada, har aka yi baranda a ciki? Amsar ba ta da daɗin ji. Ba don 'yan kallo aka bar gurbin ba. An tsara gadar Onaruto, mai tsawon mita 1,629, hawa biyu: sama na motoci, ƙasa na jirgin ƙasa mai tsananin gudu, Shinkansen, wanda aka sanya layinsa na Shikoku cikin tsarin gwamnati tun 1973. An fara ginin a 1976, aka buɗe a 1985 da gurbin jirgin a shirye. Amma jirgin da zai taso daga wajen Osaka dole ne ya fara tsallaka mashigin Akashi kafin ya hau Awaji, ita kuwa gadar Akashi Kaikyo, da aka buɗe a 1998, an yanke shawarar gina ta don motoci kaɗai saboda tsadar aikin. Hanya ta yanke ke nan. Aka bar hawan ƙasa na Onaruto fanko har tsawon shekara 15.

Ra'ayinmu shi ne hukumomin Tokushima sun yi daidai da suka ƙi zama suna jiran gawon shanu. Mu da muka san yadda aikin da aka yi watsi da shi ke komawa mazaunin ciyawa da tsatsa ba ma raina wanda ya dubi kuskuren da aka kashe maƙudan kuɗi a kansa ya fitar da wani amfani daga ciki. Barandar ba ta ci wani sabon fili ba, ba ta taɓa ruwan ba, ta kuma ba tsoho da yaro da mai jin jiri a jirgin ruwa damar ganin abin da a da sai an shiga kwale-kwale ko an hango daga tudu. Su ma injiniyoyin farko sun yi hattara: sun kafa ƙafafun gadar a kan ginshiƙai da yawa maimakon dunƙulallen kankare, don kada su canza tafiyar ruwan. Da sun toshe shi, da yau babu abin kallo.

Amma kada kyan barandar ya rufe wa kowa ido. A cikin manyan tsibiran Japan huɗu, Shikoku ne kaɗai har yau Shinkansen bai shiga ba. Kyushu ya samu a 1975, Hokkaido a 2016. Lardin Tokushima kuwa shi ne tilo a ƙasar da ba shi da layin dogo mai aiki da lantarki. Mutumin Naruto da ke son zuwa Kobe ko Osaka, bas yake hawa ko motarsa, ya wuce ta saman kan masu ɗaukar hoto. Kuɗin tikitin 'yan yawon buɗe ido na taimaka wa masu otal da masu sayar da tsaraba, amma ba shi ne aka yi wa mutanen yankin alkawari ba, kuma yanki ne da jama'arsa ke raguwa, matasa na tafiya manyan birane.

Alamu na nuna jirgin ba ta nan zai biyo ba ko da an gina layin. A 2023 sabon gwamnan Tokushima, Masazumi Gotoda, ya bi sahun sauran gwamnonin Shikoku uku wajen neman a shigo da Shinkansen ta Okayama, a kan gadar Seto Ohashi, wadda jiragen ƙasa ke bi tun 1988. Wasu a Tokushima sun ga kamar an sarayar da haƙƙinsu. Muna ganin gaskiya ce mai ɗaci aka faɗa: wace gwamnati ce za ta haƙa rami a ƙarƙashin teku don cike giɓin Akashi a wannan zamani da ake kukan bashi?

Idan haka ne, sauran gurbin bai kamata ya ci gaba da zama a banza ba. Uzu no Michi ba ta kai sulusin gadar ba. Mutum ya kai ƙarshenta sai ya juyo. Saman gadar babbar hanya ce da ba a yarda mai ƙafa ko mai keke ya hau ba, don haka wanda ba shi da mota ba ya iya tsallaka kilomita ɗaya da 'yan kai da kansa. Lardunan Tokushima da Hyogo, wanda Awaji ke ƙarƙashinsa, sun amince su shimfiɗa hanyar kekuna a hawan ƙasan, daga gaɓa zuwa gaɓa. Muna goyon bayan wannan, da sharaɗin kada a tsara kuɗin shiga da lokutan buɗewa don baƙi masu kekunan tsere kawai, a manta da mazauna gaɓoɓin biyu. Lardunan biyu dai su ne kuma ke fafutukar ganin UNESCO ta sanya guguwar ruwan Naruto cikin kayan tarihin duniya, kuma idan suka yi nasara, cunkoson da barandar za ta gani zai ninka na yanzu, a kan hanyar da faɗinta ba zai ƙaru ba.