Wasan da ba a biyan ɗan wasa, don me sai an biya kafin a kalla?

A birnin Dablin na ƙasar Ailan akwai filin wasa mai suna Croke Park, wanda yake ɗaukar mutum fiye da 82,000. Ranar wasan ƙarshe na shekara filin yakan cika maƙil, sauran jama'ar ƙasa kuma suna gaban talabijin. Amma cikin ƴan wasa 30 da ke tsakiyar fili babu mai karɓar albashi ko ɗaya. Wani malamin makaranta ne, wani ɗan sanda, wani manomi, wani ɗalibin jami'a. In an gama biki, kowa ya koma bakin aikinsa.

Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda talabijin yake ɗaukar wannan gado. Ra'ayina dai shi ne: talabijin ya yi wa wasannin gargajiya na Ailan babban aiki, amma yana iya cutar da su ta hanya biyu. Ta farko, in ya tsaya ga zakaru kaɗai ya manta da ƙauyukan da suka haife su. Ta biyu, in ya kulle ƙofa ya ce sai mai kuɗi zai kalla.

Bari in fara da asalin abin, domin da yawa cikinmu ba su san waɗannan wasanni ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1884 wasu mutane ƙalilan suka taru a wani otel a garin Thurles suka kafa ƙungiyar da ake kira GAA. Jagoran tafiyar, Michael Cusack, malamin makaranta ne. A lokacin Ailan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, yunwar shekarun 1840 ta kashe mutane kusan miliyan ɗaya ta kori wasu da yawa zuwa Amurka, wasannin Ingila kuma suna ta mamaye ƙasa. Manufar ƙungiyar ita ce a raya wasannin gida. Manyansu biyu ne. Akwai hurling, wanda ake yi da sanda mai faɗin baki da ƴar ƙaramar ƙwallon fata. Akwai kuma ƙwallon Gelik, wadda ake bugawa da ƙafa da hannu. Kowane ɓangare mutum 15 ne. In ƙwallo ta shiga raga maki 3 ne, in ta bi ta saman sandar gola tsakanin dogayen turaku maki 1.

Ƙa'idar da ta bambanta su da ƙwallon Turai da yaranmu suka sani ita ce, ba a saye ko sayar da ɗan wasa. Mutum yana buga wa ƙungiyar unguwarsu ko ƙauyensu, in ya yi fice sai a ɗauke shi ya wakilci gundumarsu cikin gundumomi 32 na tsibirin. Ƙungiyoyin ƙauyuka da unguwanni sun haura 2,000, kuma kusan duk aikinsu na sa kai ne: mai yanke ciyawar fili, mai wanke riguna, mai kai yara wasa da motarsa, malamin firamare da ke horar da su bayan an tashi daga makaranta. Har jini ya zuba a kan wannan gado. Ranar 21 ga Nuwamba 1920 dakarun Birtaniya suka buɗe wuta a Croke Park ana tsakiyar wasa tsakanin Dablin da Tipperary, mutum 14 suka rasu, har da ɗan wasa Michael Hogan, wanda aka sa wa wani ɓangaren filin sunansa. A 2018 hukumar UNESCO ta sa hurling cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam.

Rediyo ne ya fara kai wasan gidaje, tun 1926. A 1947 aka buga wasan ƙarshe na ƙwallon Gelik a birnin New York saboda ƴan Ailan da ke zaune can, mutane a gida suka kewaye akwatunan rediyo suna sauraron Michael O'Hehir yana ba su labari daga hayin teku. Talabijin na ƙasa, wanda yanzu ake kira RTÉ, ya buɗe ranar ƙarshe ta 1961, ya fara nuna wasannin GAA a 1962. Shugabannin ƙungiyar sun ji tsoron kada mutane su zauna gida fili ya zama wayam, shi ya sa shekaru da yawa wasanni kaɗan ake nunawa kai tsaye. A 1979 aka fara shirin The Sunday Game mai kawo taƙaitattun wasannin mako, wanda har yau ana yin sa. Tsoron nan bai tabbata ba. Gani ya kori ji: yaron da ya ga jarumin gundumarsu a tele shi ne yake tashi da safe ya ɗauki sanda yana dukan ƙwallo a bango.

Talabijin ya taɓa ita kanta ƙungiyar. Akwai wata doka da ta hana ɗan GAA bugawa ko ma zuwa kallon ƙwallon ƙafa irin ta Ingila da rugbi. Tsananinta ya kai a 1938 aka cire shugaban ƙasa Douglas Hyde daga matsayin uban ƙungiya don ya halarci wasan ƙwallon ƙafa. To amma wa zai shiga ɗakin mutum ya hana shi kallon akwatinsa? A 1971 aka soke dokar. A ganina talabijin na cikin abubuwan da suka nuna wa masu tsattsauran ra'ayi cewa ba a tsare al'ada da katanga.

In ana neman misalin yadda ya kamata a yi, ni tashar TG4 nake nunawa. Ƙaramar tasha ce da aka buɗe a 1996, tana watsa shirye-shiryenta da harshen Ailan na asali, wanda Ingilishi ya kusa haɗiyewa. Da yake manyan wasanni suna hannun wasu, sai ta kama abin da aka raina: wasannin ƙungiyoyin ƙauyuka a lokacin sanyi da ruwan sama, wasannin matasa, da tsofaffin wasanni da take ciro wa daga ma'ajiya ta sake nunawa. Tun 2001 take da shirin Laochra Gael, wato jaruman Gelawa, inda ake zama da tsohon ɗan wasa da iyalinsa da abokan karawarsa ya ba da tarihin rayuwarsa, daɗi da wuya. Ta kuma rungumi ƙwallon Gelik ta mata tun ba a kula da ita, har a 2019 mutum fiye da 56,000 suka shiga Croke Park kallon wasan ƙarshe na mata. Mutumin da bai iya harshen kakanninsa sosai ba yana zaune yana jin sa na awa ɗaya da rabi saboda son wasa. A matsayina na malami, na san ba kowane darasin aji ne yake iya wannan ba.

Haka kuma ba zan manta da marigayi Mícheál Ó Muircheartaigh ba, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin ya shahara da sharhin wasa a rediyo, ya yi ritaya a 2010, ya rasu a 2024. An san shi da cewa in ɗan wasa ya ɗauki ƙwallo sai ya gaya maka ƙauyensu, sana'arsa, da wanda ya haife shi. Mu da muka tashi da jin kirari da zuga mun san amfanin wannan. Yana mayar da ɗan wasa cikin danginsa a kunnen mai sauraro.

Sai kuma abin da aka yi a Nuwamba 2020, cika shekara 100 da kisan Croke Park. Annobar korona ta hana taro, fili babu kowa, aka kunna fitilu aka karanta sunayen mutum 14 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana kallo daga gida. Washegari ƴan wasan Tipperary suka fito da riga fara mai ratsin kore irin ta 1920, suka ci kofin lardin Munster karo na farko tun 1935. Da babu talabijin, da mutane ƙalilan ne za su shaida wannan.

To ina matsalar take? Ta farko ita ce, abin da kyamara ta zaɓa shi ne yake zama tarihi. Gundumar Kerry ta fi kowa cin kofin ƙwallon Gelik, Kilkenny ta fi kowa a hurling, don haka su da ire-irensu ne suka cika ma'ajiyar hotuna. In za a yi shirin tuna baya, sai a koma wa fuskoki iri ɗaya da ƙwallaye iri ɗaya, a sa musu kiɗa mai sanyaya jiki. Gundumomi kamar Wicklow da Fermanagh, waɗanda ba su taɓa cin ko kofin lardinsu na manya a ƙwallon Gelik ba, su ma sun shekara fiye da ɗari suna buga wasan nan, kuma naci irin nasu shi ne ainihin ma'anar wasan sa kai. Ƙwallon hannu ta bango da gasar waƙa da rawa ta Scór duk na ƙungiyar ne, amma ba su cika samun lokacin da jama'a ke zaune gaban tele ba. Masassaƙan sandar hurling ma suna cikin damuwa, domin wata cuta da ta ɓulla a Ailan a 2012 tana kashe itacen da ake sassaƙa sandar da shi. Wannan labarin gado ne da ya cancanci fili kamar na kowane zakara. Yaron da aka nuna masa masu ɗaga kofi kaɗai zai ɗauka wasan na ƴan baiwa ne, alhali abin da ya riƙe shi shekara 140 shi ne mutanen da ba su taɓa cin komai ba.

Matsala ta biyu ta fi zafi. A 2014 GAA ta sayar wa tashar Sky Sports, wadda sai an biya ake kallo, haƙƙin nuna wasu wasanni, aka yi ta cece-kuce har yarjejeniyar ta ƙare a 2022. Daga 2023 sai aka mayar da wasu manyan wasanni kan GAAGO, wata kafa ta intanet da GAA da RTÉ suka kafa tun 2014 domin ƴan ƙasar mazauna waje. A wannan shekarar wasu zafafan wasannin hurling na lardin Munster suka faɗa bayan wannan ƙofa, jama'a suka fusata, har manyan ƴan siyasa suka sa baki. A 2025 kafar ta koma hannun GAA ita kaɗai da sunan GAA+. Dokar ƙasa ta tilasta a nuna wasannin ƙarshe kyauta, amma ba ta rufe duk wasannin da ke kaiwa can ba.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu rashin adalci ba. Sun ce kuɗin da ake samu yana komawa gina filaye da horar da yara. Sun ce tun da aka matse gasar gundumomi ta riƙa ƙarewa a watan Yuli, wasanni da yawa suna faɗowa rana ɗaya, tasha ɗaya ba za ta iya nuna su duka ba, kuma wasan da aka sa a intanet da can ba a ganin sa sam. Sun ce ɗan Ailan da ke Ostareliya ko Kanada yanzu yana kallon gundumarsu. Duk gaskiya ne.

Amma a duba wa ƙofar take rufewa. Dattijon da ya shekara 50 yana yi wa ƙungiyar ƙauyensu hidima kyauta, wanda bai saba da intanet ba ko kuma layin bai da ƙarfi a karkararsu, shi ne na farko. Na biyu shi ne yaron gidan da ba za su iya ƙara wani kuɗin wata ba, ko yaron baƙin haure da iyayensa ba su san wasan ba balle su biya dominsa. Waɗannan biyun kuwa su ne bakin zaren: mai miƙa gado da mai karɓa. Hurling musamman yana da ƙarfi ne a wasu gundumomi kaɗan, galibi a kudu. In ana so ya yaɗu, mafi kyawun wasanninsa ne ya kamata su shiga kowane gida ba tare da an nema ba. Wanda ya riga ya kamu da so zai biya. Wanda ake so a jawo ba zai biya abin da bai taɓa gani ba. Sannan ga tambayar da ba ta da daɗin ji: ɗan wasa yana atisaye dare da rana ba albashi, mai kallo kuma yana biya. Mu a nan muna da karin maganar da ta dace da wannan, ta kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ban ce shugabannin GAA suna cin kuɗin ba. Na ce duk ranar da ɗan wasa ya fara jin kansa kura, maganar sa kai ta kama hanyar mutuwa. Mafita a ganina ita ce a bar intanet ga ƙarin wasanni da mazauna waje, manyan karawa kuwa su zauna a tashar da kowa yake kamawa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da kokowa, wadda ake gasar takobinta tun 1975 da aka fara a Tawa, jahohi takwas suna karawa, Télé Sahel tana kawo mana ita har gida kyauta. Wannan ni'ima ce da ya kamata mu riƙe da hannu biyu, kada wata rana a wayi gari an sayar da ita. Bambancinmu da Ailan shi ne zakaranmu yana samun kyauta mai tsoka, amma tushen iri ɗaya ne: dandalin ƙauye bayan kaka, makaɗa, masu kirari, da dattawan da ke koya wa yaro kamu. Ina so in ga shiri na mako-mako irin na TG4 da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a zauna da tsofaffin ƴan kokowa tun suna raye, a sake nuna karawar su Kantu na Maraɗi da Salma Ɗan Rani na Doso, a je ƙauyuka a ɗauko kokowar yara da langa. Ɗalibaina suna iya jero mini ƴan wasan Real Madrid goma sha ɗaya ba tare da sun numfasa ba, domin su ake nuna musu kowane mako. Ba na ganin laifinsu. A nuna musu na gida kamar haka, kyauta kuma a kai a kai, sannan mu ga abin da za su haddace.

Allah ya ba masu riƙe da gidajen talabijin namu ikon duba wannan magana.