Kilba Ya Je Sama, Ina Ƙanwarsa?

A shekarar 1969, wadda a cikinta ɗan Adam ya fara taka duniyar wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Manazarta sun saba sanya littafin a sahun farko na ƙagaggun labaran kimiyya a Hausa, domin ya ba da labarin yaro Kilba da wani baƙo ya ɗauka zuwa sararin samaniya. Yau fiye da shekara 50 ke nan, amma da ƙyar manazarci zai iya nuna wata Bahaushiya da littafi ko fim ya ɗora wa irin wannan tafiya. A ganina wannan giɓi ne da ya cancanci nazari, kuma mu malaman Hausa muna da alhaki a cikinsa.

Abin da ya jawo hankalina ya faru ne a Dandamisa, cikin ƙasar Maƙarfi, lokacin saran rake. Na tarar da wasu 'yan mata sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon Black Panther na 2018. Na zaci matan nan masu masu za su fi burge su, sai na ji Shuri suke yabo, wato ƙanwar sarki wadda ke ƙera na'urori tana kuma warkar da majinyata. Da na tambaye su ko akwai mai kama da ita a fim ɗin Hausa, sai suka yi shiru, daga baya suka tuntsure da dariya. Dariyar nan ce ta dame ni, domin ta nuna ba su taɓa kawo wa ransu cewa mace mai magana da harshensu za ta iya tsayawa a wannan matsayi ba.

Tarihin wannan nau'i na fim ya nuna cewa tasirin irin waɗannan taurari ba ya tsayawa a majigi. A 1966 aka fara nuna Star Trek a Amurka, inda Nichelle Nichols ta fito a matsayin Uhura, jami'ar sadarwa a jirgin sama jannati, a zamanin da baƙar mace ta fi fitowa a matsayin 'yar aiki. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta sha ambaton Uhura a cikin waɗanda suka zaburar da ita. Haka nan Ripley ta fim ɗin Alien na 1979: ita ce ta nace a bi ƙa'idar killacewa kafin a shigo da wanda ya kamu, aka ƙi jin maganarta, aka kwashi kashi a hannu. Abin da ya haɗa Uhura da Ripley da Shuri shi ne sani da riƙon amanar aiki. Labarin yana buƙatarsu ne saboda abin da ke kansu.

A nan ne fim ɗin Hausa ya rage baya. Tun daga Turmin Danya na 1990, mace ta cika majigi, amma akasari a matsayin budurwa ko amarya ko kishiya ko uwar miji. Ba na raina wannan, domin marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu sun nuna cewa a cikin gida ma ana fafata manyan al'amura. Sai dai duk lokacin da muka so jaruma, baya muke waiwaya mu ɗauko Daurama ko Amina ta Zazzau, kamar yadda fim ɗin Amina na 2021 ya yi. Mun ba mace jiya, mun ba ta tsakar gida ta yau, gobe kuwa mun bar ta babu ita.

Masu shirya fim za su ce kuɗi ne matsala. Amsarsu tana cikin Pumzi, gajeren fim da Wanuri Kahiu ta Kenya ta shirya a 2009, wanda bai kai rabin awa ba. Ya ba da labarin Asha, ma'aikaciyar gidan adana kayan tarihi a wata duniya da yaƙin ruwa ya ƙone, wadda ta fita cikin hamada domin ta dasa tsiro ɗaya. Ƙarfin fim ɗin yana cikin tunaninsa, kuma damuwarsa ta ruwa da hamada tamu ce mu mazauna Arewa. Nnedi Okorafor ma ta kafa littafinta The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070, da yarinya a matsayin tauraruwa. Wasu sun riga mu hango goben ƙasarmu, kuma da Ingilishi suka rubuta ta.

Wasu kuma za su ce hasashen gobe shisshigi ne ga gaibu, ko kuwa mace mai ilimin kimiyya baƙuwar al'ada ce. Ƙagaggen labari ba ya da'awar sanin abin da Allah Ya ɓoye. Misali yake bugawa domin a yi tunani, kamar yadda tatsuniya take yi, wadda kuwa mata ne suka raine ta a bakinsu. Game da baƙunta, ƙasar da ta haifi Nana Asma'u, wadda ta tsara 'Yan Taru ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata a ƙarni na 19, ba ta buƙatar aron hujja daga waje. Tauraruwar da nake nufi za ta iya sanya hijabinta, ta yi sallarta, ta kuma zama ita ce ta gano dalilin ƙafewar fadama.

Saboda haka ina kira ga sassan Hausa na jami'o'inmu da su daina ɗaukar labarin kimiyya a matsayin ɗan rakiya a darasin zube. A sa ɗalibai su nazarci yadda mata masu kallo a karkara ke fassara waɗannan taurari na waje, a daidaita kalmomin fannin, a kuma ba ɗaliban rubutun wasan kwaikwayo aikin ƙaga Maƙarfi ta shekara 50 masu zuwa, inda makomar rake da mazarƙwaila ta rataya a kan binciken wata ɗiyar manomi. A Maƙarfi akwai kwalejin kimiyyar lafiya, kuma 'yan mata na shiga ɗakin gwaje-gwajenta da farar riga. Rayuwa ta riga ta samar da tauraruwar. Marubuci da mai ɗaukar hoto ake jira.