Lemon Da Ya Sha Wuta



Maganar da na zo da ita yau daga mashaya ta fito, gara in faɗa tun da wuri, kada wani ya kai tsakiya ya ce an yi masa shigo-shigo ba zurfi. A Amurka, masu sana'ar haɗa barasa suna da wata dabara. Sukan raba lemo biyu, su kifa shi a kan ragar gashi har fuskarsa ta yi ja ta soma duhu, sannan su matse ruwan su zuba a haɗin da suke kira koktel. Ra'ayina shi ne dabarar nan tana da kyau, tana da hujja a kimiyya, kuma mu da ba ma shan barasa mun fi su buƙatarta. Zan faɗi dalili, amma sai mun fara duba inda abin ya fito.

A shekarar 1806 wata jarida ta garin Hudson da ke jihar New York ta bayyana wa masu karatunta ma'anar koktel: barasa ce da sukari da ruwa da ɗan ruwan ɗaci. Ku riƙe wannan ruwan ɗacin a zuciya, za mu dawo kansa. A 1862 wani mai suna Jerry Thomas ya fitar da littafin koyar da sana'ar, kuma abin da ya fi shahara da shi shi ne cinna wa barasa wuta yana shekawa tsakanin kofuna biyu. Wato tun farko wuta tana cikin wasan. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da barasa, kuma a shekarun da suka biyo baya mashaya da yawa suka koma amfani da ruwan tsami na kwalba ko na gari, saboda sauƙi da arha. Sai daga 1987 wani Dale DeGroff, a wurin da ake kira Rainbow Room a birnin New York, ya dage sai an matse lemo sabo. Shi ne kuma ya yaɗa salon matsa ɓawon lemon zaƙi a kan ashana mai ci, man ɓawon ya kama wuta ya sauka a kofi da ƙamshi. Da lemo sabo ya dawo hannu, ga kuma Amurkawa da son gashin nama a bayan gida lokacin zafi, ba abin mamaki ba ne lemo ya tsinci kansa a kan garwashi. Yau suna sa shi a margarita, wadda ake yi da lemon tsami, da paloma, wadda ake yi da garehul.

To me wutar take yi wa lemon? A nan nake so mu ɗan zauna, domin yawancin masu yayin abin a bidiyo ba sa yin bayani, wasu ma bayanin da suke yi ba daidai ba ne.

Ruwan lemon tsami yana ɗauke da sinadarin tsami wajen kashi 5 zuwa 6 cikin 100, sukarinsa kuma kaɗan ne. Lemon zaƙi akasin haka yake: sukari wajen kashi 8 zuwa 9, tsami wajen kashi 1. Sukarin 'ya'yan itace yana fara narkewa ya yi ja a zafin digiri 110, sukarin da muke sa wa shayi kuma sai wajen digiri 160. Amma ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin akwai ruwa a wuri, zafin wurin ba zai wuce nan da nisa ba. Saboda haka cikin lemon ba ya gasuwa, dahuwa kawai yake yi. Gashin gaske yana faruwa ne a 'yar fuskar nan da ta taɓa ƙarfe, inda ruwan ya ƙone, sukarin ya yi kauri ya yi ja. A nan ne kuma sukari yake haɗuwa da ɗan sinadarin gina jiki da ke cikin lemon, su haifar da ƙamshi da launi. Wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan haɗuwar a 1912, har ake kiranta da sunansa. Mu da muka zauna ajin kimiyyar abinci a foliteknik mun haddace sunan domin jarrabawa, alhali iyayenmu mata sun daɗe da sanin aikin a hannu. Shi ne sirrin ƙanzon tuwo, da gullisuwa, da soyayyiyar gyaɗa, da gasasshiyar masara.

Wutar ba ta kashe tsamin lemo, duk da haka ake ta faɗa. Tsamin yana nan. Abin da ya canja shi ne ya samu abokan zama: ɗan zaƙin ƙonannen sukari, ɗan ɗaci, da ƙamshin man ɓawo da zafi ya taso da shi. Harshe sai ya ji kaifin ya ragu. Ƙari a kan haka, zafi yana fasa 'yan jakunkunan da ruwan yake ciki, shi ya sa gasasshen lemo ya fi ɗanye saurin ba da ruwa in an matsa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce mun fi su buƙatar dabarar. Mai haɗa barasa yana da abin da yake ba kofinsa nauyi da ɗaci da zafin maƙogwaro. In an cire barasar, abin da ya rage sau da yawa ruwan sukari ne mai launi. Duk wanda yake zuwa biki a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san irin kofunan nan: ja, shuɗi, kore, an jera 'ya'yan itace a baki, an soka tsinke, ka kurɓa ka ji zaƙi zalla, kafin ka kai rabi ya gundure ka. Matsalar ba ta ado ba ce, rashin ɗaci ne. Turawan ma sun gano haka. Tun da aka fara kamfen ɗin ƙaurace wa barasa a watan Janairu a Ingila a 2013, kasuwar abin sha marar barasa take ta girma a can, kuma babban abin da suke nema shi ne yadda za a samu zurfin ɗanɗano ba tare da ita ba.

A Najeriya an daɗe da samo wata amsa, ita ce Chapman: Fanta da Sprite, da jan ruwan sukari, da kokwamba, da yankan lemo, da ƙanƙara. Sai kuma wata 'yar kwalba mai takarda da ta fi ta tsawo, wadda ake ɗiga abin da ke cikinta. Sunanta Angostura. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa ta a 1824 a garin Angostura na Benezuwela a matsayin maganin ciki, daga baya aikin ya koma Tirinidad. Ita ce ruwan ɗacin nan da jaridar 1806 take magana a kan irinsa. A jikin kwalbar an rubuta ƙarara cewa kashi 44.7 cikin 100 na abin da ke ciki barasa ce.

Adalci ya sa in faɗi sauran lissafin. Ɗigo kaɗan ake sawa. In an zuba mililita 2 a kofi mai cin mililita 400, barasar da ke kofin wajen kashi 0.2 ce cikin 100, ba za ta bugar da kowa ba. Ba kowane mai haɗa Chapman ne ma yake sa ta ba. Hukuncin wannan ɗan kaɗan ɗin aikin malamai ne, ba nawa ba. Abin da nake cewa kawai, wanda aka miƙa wa kofi yana da haƙƙin ya san abin da ke ciki, kuma mai sana'ar da take so ta kuɓuta daga shakka ɗungurum tana buƙatar wani abin da zai tsaya a gurbin kwalbar. Gasasshen lemo yana iya wannan aikin. Ba zai ba da ɗanɗanon Angostura sak ba, domin ita akwai saiwa mai ɗaci da kayan ƙamshi a cikinta. Amma in aka haɗa ruwansa da ɗan tafasasshen kanumfari da kirfa da citta, ana samun ɗacin da ƙamshin da kofin yake nema, kuma duk kayan a kasuwarmu suke.

Na san abin da wasu za su ce: ai wannan kwaikwayon mashaya ne, wanda ya yi kiwo a gefen shinge wata rana dabbarsa sai ta faɗa gona. Ban raina maganar ba. In mutum ya je ya sayo kofin mashaya, ya ari sunan haɗinsu, yana ɗaga kofi yana kwaikwayon zamansu, to lallai akwai abin tambaya. Sai dai sa wa lemo zafi ya girmi mashayar New York, kuma ba a can kaɗai ake yi ba. A Oman ana tafasa lemon tsami a ruwan gishiri a shanya shi a rana har ya yi baƙi, suna kiransa lumi, 'yan Iraƙi suna dafa shayinsa, mutanen yankin Gulf suna jefa shi a shinkafa da miya. Alhazanmu sun sha ganinsa a shaguna. A Japan ana gasa tanjarin da ɓawonsa a kan wuta lokacin sanyi. Abin da mashaya suka yi shi ne sun ɗauko aikin madafa suka kai kan kantarsu. In mun mayar da shi madafa, kayan gida ne ya dawo gida. Zoɓo ma ai buhu-buhu ake fitar da shi daga Jigawa da Kano zuwa Meziko, suna jiƙa shi su sha da ƙanƙara, wasunsu su zuba masa barasa. Ba wanda ya ce mu daina shan zoɓo saboda haka.

Ƙorafin da na fi yarda da shi wani ne daban. Zafi yana lalata bitamin C, saboda haka wanda yake shan lemo don lafiya ya sha ɗanyensa. Kuma ina roƙon masu tura saƙonni a WhatsApp, kada gobe mu wayi gari an ce gasasshen lemo yana maganin hawan jini ko suga. Wannan harkar ɗanɗano ce, a bar ta a matsayinta.

Me ya haɗa duk wannan da rubutu? Ku buɗe littattafanmu na soyayya ku ƙirga sau nawa aka ce "ta kawo masa lemo mai sanyi a kan tire". Baƙo ya zo, lemo mai sanyi. Saurayi ya zo zance, lemo mai sanyi. An yi faɗa an shirya, shi ne dai. Ba a gaya mana ko wane lemo ne, ba a gaya mana yadda ya ji a bakinsa ba. Alhali Hausa tana da kalmomin ɗanɗano da ƙamshi da suka ishi kowa: gardi, bauri, maƙaƙi, galmi, zartsi, lami, ƙauri. Bature in zai kwatanta gasasshen lemo sai ya jera siffofi uku ko huɗu. Mu kalma ɗaya ce, gardi. In wutar ta wuce kima kuma, ƙauri. Tazarar da ke tsakanin gardi da ƙauri minti ɗaya ce a kan garwashi, kuma marubucin da ya taɓa tsayawa a gaban kurfoti ya ga wannan mintin zai iya rubuta shafi guda da mai karatu zai ji a harshensa. Jarumar da take sayar da zoɓo don ta biya kuɗin makaranta, in kun nuna mana hannunta yana kifa lemo a kan raga tana lura da launinsa, mun san ta fiye da in kun ce mana "tana da ƙoƙari".

Ga wanda zai gwada, abin ba wuya. Lemon zaƙin Binuwai da ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo ya wadatar, har ma wanda ɓawonsa ya yi tabo masu saye suna tsallake shi, tunda ba ado za a yi da shi ba. A wanke, a yanka shi a tsakiya ta kwance, a jira gawayi ya zama garwashi, hayaƙi da warin kananzir su tafi. Raga ta zama mai tsabta, domin in akwai maiƙon nama a kanta zoɓonku zai yi ƙarnin tsire. A kifa fuskar minti 3 zuwa 5, a ɗaga in ta yi ja da zane-zanen duhu. Ƙananan lemon tsaminmu ɓawonsu siriri ne, ba sa jure rabin wannan lokacin. A bar shi ya huce, a matsa a hankali kada a murje farin da ke ƙarƙashin ɓawo, a tace. Ni na fi son a haɗa rabi gasasshe rabi ɗanye, don ɗanyen yana dawo da kaifin da wuta ta danne. A zoɓo, wanda dama yana da tsaminsa, lemon zaƙi ya fi dacewa, da mazarƙwaila a madadin farin sukari. A ruwan citta da na'ana'a kuma lemon tsami ne gwani.

Masu sayarwa su kula da abu ɗaya. A cikin lemo akwai wani sinadari da ba shi da ɗaci muddin lemon yana rufe, amma da zarar an matse ya gauraya da tsami, sai ya riƙa juyewa a hankali ya koma limonin, wanda ɗacinsa ba na daɗi ba ne. Zafi yana gaggauta wannan juyin. Shi ya sa ruwan lemon da ya yi daɗi da la'asar yake iya zama abin tofarwa da safe, ko da ya kwana a firiji. Wadda aka ba kwangilar biki ta tafasa zoɓonta da kayan ƙamshinta tun jajibiri in ta so, amma gashin lemon da matsarsa ta bar su sai ranar, awa biyu ko uku kafin a fara raba kofuna.