Ba Kunkuru Ne Ya Cinye Littafin George Martin Ba

Tun watan Yulin 2011 masu karatun George R.R. Martin ke zaman jiran littafi na shida na dogon labarinsa, wanda tuni ya raɗa wa suna The Winds of Winter. Yaran da aka haifa a shekarar da na biyar ya fito yanzu sun shiga sakandare. A tsakanin nan tashar HBO, wadda ta mai da labarin fim mai dogon zango, Game of Thrones, ta zarce inda littattafan suka tsaya, ta rufe nata a 2019, marubucin kuwa bai sauke kayansa ba. Mai karatun littattafan yaƙi na Hausa ya san wannan ciwo: littafi ya ƙare daidai inda jarumi ya zare takobi, mutum ya yi ta zarya shago, kullum a ce masa na gaba bai shigo ba.

Saboda haka duk inda aka hango dattijon, a taron marubuta ne ko a wajen buɗe wata sabuwar harka, sai a yi masa caa, ya koma gida ya yi rubutu. Masu wannan kuka suna da hujja, amma sun tara abubuwa biyu a buhu guda. Wasanni da dabbobin da ake gani kamar shiririta su suka haifi marubucin. Abin da ke cin littafin daban ne.

An haifi Martin a 1948 a Bayonne, jihar New Jersey ta Amurka. Mahaifinsa lebura ne a tashar jiragen ruwa, suna zaune a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a yarda a ajiye kare ko kyanwa ba. Sai yaron ya koma kiwon 'yan ƙananan kunkuru, yana zuba su cikin wata fadar wasan yara. Tunda a fada suke, ya naɗa wasu sarakuna, wasu barade. Kunkurun ba sa daɗewa suke mutuwa. Shi kuwa sai ya yanke cewa makirci suke ƙulla wa juna saboda sarauta, ya shiga rubuta yadda wane ya ci amanar wane. Duk wanda ya ga yadda ake girbe manyan taurari a Game of Thrones ba tare da sallama ba ya san inda hannun ya fara koyo.

Wasa ma ya ciyar da shi. A shekarun 1970 yana alƙalancin gasar darar Turawa, wato ces, a ƙarshen mako, abin da ya samu ya riƙe shi ya yi rubutu sauran kwanakin. A 1983 abokinsa marubuci Victor Milán ya ba shi kyautar wani wasan tebur mai suna Superworld, wanda kowa ke ƙirƙirar gwarzonsa, mutum ɗaya na jan ragamar labari. Martin da abokansa na Albuquerque suka duƙufa a kansa kusan shekara biyu, har shi da kansa ya yarda cewa wasan ya ci masa littafi guda. To, amma daga teburin nan aka sami jerin Wild Cards, wanda ya fara fitowa a 1987, yau ya haura littafi 30. Gwarzon da Martin ya ƙirƙira a ciki, ba sai an faɗa ba, laƙabinsa Kunkuru.

Ko wasan kwamfuta na Elden Ring da ya fito a 2022, wanda ya jawo masa zagi, tarihin duniyar wasan kawai ya tsara wa kamfanin FromSoftware na Japan, su suka gina sauran. Kyarketai kuma, da su labarin ya fara: a 1991 hoton wasu 'yan kwikwiyon kyarkeci cikin dusar ƙanƙara ya faɗo masa a rai, ya ajiye littafin da yake rubutawa ya bi su. A 2014 ya nema wa wata matattarar kula da kyarketai ta New Mexico taimako, da alƙawarin cewa wanda ya ba da dala 20,000 za a sa sunansa a littafi, a kashe shi mummunan kisa. An sami masu biya.

Tafiya ce mai fuska biyu. A 1981 ya je arewacin Ingila ya tsaya a kan ganuwar Hadrian da Rumawa suka gina, yana tunanin halin sojan da aka ajiye a bakin duniya bai san abin da zai fito daga duhu ba. Daga nan katangar ƙanƙara mai tsayin ƙafa 700 ta cikin labarinsa ta samo asali. Wannan tafiyar mai neman labari ce. Ta bayan shahara kuwa ta mai amsa gayyata ce, kuma Martin ya sha faɗa cewa ba ya iya rubutu a otal ko cikin jirgi. Sai a gidansa na Santa Fe, a wata tsohuwar kwamfuta marar intanet, da manhajar WordStar 4.0 ta shekarun 1980. Kowane mako da ya yi a hanya, littafin bai ƙaru da ko shafi ɗaya ba. Ga kuma sinimar Jean Cocteau da ya saya a 2013, ga kantin littattafai na Beastly Books, ga littafin Fire & Blood na 2018, ga fim ɗin House of the Dragon da aka ciro daga cikinsa.

Shekarar korona ta raba gardama. Da aka rufe hanyoyi a 2020, Martin ya keɓe a wani ɗan gida cikin duwatsu, daga baya ya ce ya rubuta ɗaruruwan shafuka, shekarar da ta fi kowace albarka ga littafin. Marubuci Brandon Sanderson na jihar Utah, wanda ƙaunarsa ga wasan katin Magic ba ɓoyayya ba ce, ya bayyana a Maris 2022 cewa ya rubuta littattafai biyar a ɓoye da lokacin da tafiye-tafiye suka saba cinyewa. Masu karatu suka zuba masa sama da dala miliyan 41 a shafin tara kuɗi na Kickstarter don a buga huɗu daga ciki. Katinsa bai ajiye ba, jakar tafiya ya ajiye.

Masu cewa marubuci ba bawan kowa ba ne gaskiya suka faɗa, amma wanda ya sayar wa jama'a littafi biyar da alƙawarin bakwai ya ɗauki nauyi, kuma ba rashin kunya ba ne a tuna masa. A dai tuna masa abin da ya dace. A bar shi da wasanninsa da kyarketansa, masu shirya taruka da kamfanonin fim su rage aika masa goron gayyata, shi kuma ya koyi cewa a'a. A 2022 ya ce ya ci kusan kashi uku cikin huɗu na littafi na shida. Bayansa akwai na bakwai, A Dream of Spring, yana jiran layi.