Kafin Ka Canza Wa Tsohuwar Kwamfutarka Furosesa, Tsaya Ka Ji



Kwanakin baya wani ƙanena ɗan Maiyama da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya same ni gida a Sabon Garin Jega, rungume da laftof ɗinsa Dell Latitude E6430, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, kwamfutar ga ta gaji. An ce mini sai na cire Core i5 ɗin da ke ciki na sa Core i7, ko kuma in sayar da ita in cika kuɗi in sayi wata." Kuɗin da ke aljihunsa na albasar da ya noma ne da rani, ya yi ta tattalinsu wata da watanni.

Na hana shi duka biyun. Dalilan da na ba shi su zan ba ku yau, domin na san akwai irinsa da yawa: matasan da suka fara koyon rubuta manhaja a waya, ko suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, suka samu tsohuwar kwamfuta da ƙyar, yanzu kuma tana musu tafiyar hawainiya. Ra'ayina a taƙaice shi ne: a cikin duk abin da za ka iya canza wa tsohuwar kwamfuta, furosesa ce ta ƙarshe a layi, kuma sau da yawa ba ta cancanci ko sisinka ba. Sabunta BIOS kuwa magani ne da ake sha idan an kamu da ciwon, ba a shansa don marmari.

Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Duk wata kwamfuta da ake saukewa a Computer Village na Ikeja ko a kasuwannin Kano da dala aka sayo ta, kafin ta iso Birnin Kebbi ko Jega an ɗora kuɗin mota da riba. Don haka maganar "jefar ka sayi sabuwa" shawara ce ta wanda ba shi zai biya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda ciwon yake.

Ka ɗauki kwamfuta kamar shagon tela ana gobe Sallah. Furosesa ita ce telan da kansa. RAM shi ne teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka. Ma'ajiya, wato had-disk ko SSD, ita ce ɗakin da ake tara yadukan mutane. Idan teburin ƙarami ne, ɗakin ajiyar kuma yana can bayan layi, ko ka ɗauko telan da ya fi kowa sauri a Jega zama zai yi yana jiran a kawo masa yadi. Mafi yawan tsofaffin kwamfutocinmu matsalarsu ke nan: telan lafiyarsa ƙalau, jira ne ya kashe shi.

Ba sai ka yarda da ni ba, kwamfutarka za ta gaya maka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, ka ci gaba da aikin da ka saba kana kallo. A ta ƙanena, furosesa tana hutawa, RAM ɗin gigabayit 4 ya kusa cika tun kafin ya buɗe shafi na biyar a Chrome, ma'ajiya kuwa ta kafe a kashi 100 ta ƙi sauka. Da ya kashe kuɗinsa a Core i7, da ya dawo gida da kwamfuta mai nauyi kamar da, sai ƙarin zafi.

Abu na farko da ya cancanci kuɗinka shi ne SSD. Tsohon had-disk faifai ne da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da allura mai bi tana neman bayanai; idan ya yi ƙoƙari ya karanta wajen megabayit 100 a daƙiƙa. SSD irin na SATA yana kaiwa wajen 500, kuma da yake babu abin da ke motsi a cikinsa, wajen tsinto ƙananan fayiloli ma tazarar ta fi haka nesa. Ga shi ba ya tsoron girgiza, abin da duk mai goya kwamfuta a bayan kabu-kabu daga Jega zuwa Aliero ya kamata ya yi la'akari da shi. Mai gigabayit 256 ya ishi ɗalibi. In na hannu za ka saya, sa mai shago ya buɗe maka manhajar CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki, don akwai gajiyayyu da jabu a kasuwa. Ka kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri kafin a taɓa komai.

Na biyu RAM. A yau gigabayit 4 ya yi kaɗan ko da lilo a intanet kawai kake yi. Gigabayit 8 shi ne mafari, mai son Android Studio kuwa zai fi samun sukuni da 16. A nan ne mutane suke asarar kuɗi saboda gaggawa. DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba. A cikin DDR3 ɗin ma akwai mai cin wuta bolt 1.5, akwai DDR3L mai 1.35, kuma laftof masu furosesar Intel zubi na huɗu DDR3L suke so. Ka sa musu ɗayan su ƙi tashi. Manhajar CPU-Z kyauta ce, za ta nuna maka irin wanda ke ciki da ramukan da kake da su. Ka kuma duba Windows ɗinka: in mai 32-bit ce, ba za ta iya amfani da abin da ya wuce gigabayit 4 ba ko nawa ka zuba.

Ga masu waya, kada abin da ake rubutawa a kwalin Tecno ko Infinix ko Samsung ya ruɗe ku, irin su Memory Fusion da MemFusion da RAM Plus. Wannan aro ne ake yi daga ma'ajiyar wayar, ba ya kai saurin RAM na gaske, shi kuwa na gasken a like yake da bod ba ya ciruwa. Kwamfuta ta fi waya a nan, domin nata sau da yawa da sukundireba kawai za ka ƙara shi.

Na uku ba ya cin kuɗi sosai, amma an fi mantawa da shi: shara. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara a Kebbi yana haura digiri 40, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta kuma ya bushe tun shekaru. Furosesa idan ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sai ka ga mutum yana zargin ta da tsufa alhali numfashi ne ba ta samu. A buɗe, a kakkaɓe, a shafa sabon man sanyaya.

Yanzu ga maganar furosesa. Abu na farko da za ka sani shi ne, a laftof da yawa ba ta ciruwa ko kaɗan. Tsofaffi irin Latitude E6430 da EliteBook 8470p da ThinkPad T430 da T440p suna da soket, ana kwance ta a sa wata. Amma duk wadda lambarta ta ƙare da harafin U, irin na EliteBook 840, an narka ta ne da dalma a jikin bod, kuma tun daga zubi na biyar Intel ta daina yi wa laftof furosesa mai soket. Duk wanda ya ce zai mayar maka da irin wannan Core i7, tambaye shi da kyau me zai yi. Ko dai bod gaba ɗaya zai canza, ko sitika.

Ko a masu soket ɗin akwai tarko. Core i5-3320M da ke cikin ta ƙanena an ƙera ta da zafin wat 35. Core i7-3720QM da ake kwaɗayi wat 45 ce. Ka ɗora ta a kan fankar da aka yi wa 35, a ɗakin kwano a watan Afrilu, ka ga yadda ake zuwa neman ƙiba a samo rama: batir ya riƙa ƙarewa da wuri, fanka tana kuka, gudun da ka biya kuɗi dominsa zafi ya cinye. Akwai masu kawunan aiki huɗu da ke tsaye a wat 35, kamar i7-3632QM, amma samunsu a nan sai an yi oda, kuma kuɗinsu kan kusa sayen SSD da RAM a haɗe.

Sannan mu daina bautar sunan i7. A irin waɗannan tsofaffin samfura, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin furosesa, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan, kuma ita ta fi sunan muhimmanci. Core i7-7500U kawunan aiki biyu gare ta. Core i5-8250U, wadda ta zo bayanta da zubi ɗaya kacal, huɗu gare ta, kuma ta fi ta aiki. Mai shago ya san da wuya mai saye ya duba wannan, shi ya sa i7 ɗin yake fara ambata.

Ban ce canza furosesa haramun ba ne. A kwamfutar tebur lissafin daban yake: akwai fili, akwai babbar fanka. Mai OptiPlex 7010 da Core i3 zai ga bambanci na gaske idan ya sa i5-3470 ko i7-3770, tunda soket ɗinsu ɗaya ne. Kamfanin AMD ma ya kyauta da soket ɗin AM4, inda bod irin B450 ke karɓar Ryzen 5000 da suka fito a 2020. Sai dai ba zai gane sabuwar furosesar ba sai an sabunta masa BIOS tun tsohuwar tana ciki, wanda ya kawo mu magana mafi haɗari.

BIOS, ko UEFI a sababbi, 'yar manhaja ce da ke zaune a wani ƙaramin cif a jikin bod. Ita ke fara farkawa idan ka danna makunni, ta duba RAM da furosesa da ma'ajiya, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Idan ta lalace babu abin da zai tashi. Na koyi wannan da tsada. Shekarun baya wani abokina mai shagon buga takardu ya ba ni kwamfutar teburinsa in duba, na ga akwai sabon BIOS, na ce bari in burge shi. Ana tsakiyar aikin mai ya ƙare a janareto. Da aka tayar, sai fanka ke juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Sai da muka kai ta Sakkwato wurin mai na'urar rubuta cif, shagon ya yi kwanaki babu aiki a daidai lokacin rajistar JAMB. Kwamfutar da babu abin da ke damunta na yi wa gyaran gangar Auzinawa.

Tun daga ranar dokata ɗaya ce: ba na taɓa BIOS sai da dalili. Dalilan uku ne. Za a sa furosesar da bod bai sani ba. Ko kamfanin ya bayyana cewa sabuntawar tana gyara ainihin matsalar da nake fama da ita. Ko akwai ɓarakar tsaro, kamar Spectre da Meltdown da aka bankaɗo a Janairun 2018, waɗanda toshe wani ɓangarensu ya buƙaci sabon BIOS. In dalilin ya samu, a sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da ainihin lambar samfurinta, kada a karɓa daga guruf ɗin WhatsApp. Laftof ta kasance da batir mai riƙe caji kuma caja a jone. Ta tebur kuwa sai a kan inbata ko sola mai ƙarfi. In kana amfani da BitLocker ka dakatar da shi tukuna. Da an fara, ka naɗe hannunka har ta gama. In kuwa matsalarka agogo ne ke komawa baya kullum, wannan ɗan batirin CR2032 ne ya mutu, canza shi kawai za a yi.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wani zai ce to me ye amfanin kashe kuɗi a kan kwamfutar 2012? Tambaya ce mai kyau, amma ku lura ita ma ba ta goyi bayan canza furosesa ba: babu Core i7 ɗin da zai shiga soket ɗin E6430 ya mayar da ita zubi na takwas. Akwai dabarun tsallake shingen, sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba. Ni abin da nake gani ya fi wa mai koyon rubuta manhaja shi ne Linux Mint ko Ubuntu. Kyauta ne, Ubuntu 24.04 tana da tallafin tsaro har 2029, kuma Python da VS Code da Chrome duk suna aiki a kai. Wanda sana'arsa ta rataya a kan CorelDRAW ko Photoshop kuwa, gaskiya ya fara tara kuɗin zubi na takwas, irin EliteBook 840 G5 ko Latitude 5490 ko ThinkPad T480, kuma ya karanta lambar furosesar da idonsa, don wasu daga cikinsu da zubi na bakwai suka zo. SSD ɗin da ya saya yau ba asara ba ne, in bai shiga sabuwar ba zai zama ma'ajiyar waje.

Ƙanena dai SSD mai gigabayit 256 muka sa masa, muka ƙara RAM ya zama 8, muka share fanka, muka ɗora Linux Mint. BIOS ɗin ko kallonsa ban yi ba. Kwamfutar da a da yake kunnawa ya tafi alwala ya dawo ba ta gama tashi ba, yanzu kafin ya gyara zama ta buɗe. Ragowar kuɗin albasar ya sayi sabon batir da data ta wata biyu, yana can Aliero yana fama da darasinsa na JavaScript. Kai ma kafin ka kai taka kasuwa, buɗe Task Manager ka ba ta minti goma ta faɗa maka inda ke mata ciwo.