Super Six ko cikakkiyar gasa: Me ya sa bai kamata a yanke zakaran Najeriya cikin kwana goma ba

Akwai muhawarar da ba ta mutuwa a majalisun matasa da gidajen kallon ƙwallo na Gyadi-Gyadi da Tarauni: shin wa ya cancanci a kira shi zakara, wanda ya fi kowa maki a ƙarshen kaka, ko wanda ya yi fice a wasannin ƙarshe da ake tara manyan ƙungiyoyi a fili guda? Ga magoya bayan Kano Pillars, wannan tambaya tana da tarihi.

A 2019 an raba ƙungiyoyi 24 na gasar Firimiyar Najeriya gida biyu, aka ɗebi uku-uku daga kowane rukuni zuwa zagayen da ake kira Super Six a filin wasa na Agege da ke Legas. Sai Masu Gida sun buga wasa biyar ba a doke su ba, har Enyimba suka ci 2-0, amma Enyimba ce ta ɗauki kofi da maki 12, Pillars ta zo ta biyu da maki 11. Canjaras ɗin 1-1 da aka yi da Rangers, wanda ya ƙare da hatsaniya har aka dakatar da kyaftin Rabiu Ali aka ci tarar ƙungiyar, shi ne ya zame mata ƙarfen ƙafa.

A 2023 an sake irin wannan tsari, nan ma a Legas. Bendel Insurance ta gama wasanninta 18 na rukuni ba tare da an ci ta ko sau ɗaya ba, amma Enyimba ce ta sake lashe gasar. Aikin watanni ya tashi a banza cikin 'yan kwanaki.

Masu son Super Six suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Kowa ya san yadda cin wasa a waje yake da wuya a Najeriya: alƙalin wasa na fargaba, baƙi na fargaba, mai gida kuma yana ganin maki uku hakkinsa ne. A ganinsu, idan aka kai kowa filin da ba na kowa ba, kyamarori na kallo, a nan ake gane gwani. Suna kuma kawo batun tsadar tafiya da haɗarin hanya, ga masu tallafawa da kuɗi sun fi son taro ɗaya mai armashi.

Ba a Najeriya kaɗai ake wannan ja-in-ja ba. A Amurka, inda ƙwallon jami'o'i irin tasu ta hannu ke tara dubban 'yan kallo, an daɗe ana fitar da zakara ta hanyar ƙuri'ar 'yan jarida da masu horarwa. A 2014 suka koma wasannin sili-ɗaya-ƙwale na ƙungiyoyi huɗu. A 2023 jami'ar Florida State ta ci duk wasanninta 13, amma kwamitin zaɓe ya bar ta a waje. A 2024 aka faɗaɗa tsarin zuwa ƙungiyoyi 12.

Sai dai dalilinsu daban ne. Ƙungiyoyinsu na babban mataki sun haura 130, kowace na buga wasa kusan 12 a kaka, don haka babu yadda za a yi kowa ya haɗu da kowa. Haka lamarin yake a gasar manyan makarantu ta HiFL da aka fara a Najeriya a 2018, wadda BUK Stallions ta Jami'ar Bayero ke cikin masu shiga: ɗalibai ne, ga lacca ga jarrabawa, ga ƙarancin kuɗi. Haka ma gasar rukuni na biyu ta NNL, inda Pillars da Katsina United suka samu gurbin dawowa babbar gasa ta zagayen Super 8 a Asaba a 2023. A irin waɗannan wurare, wasannin ƙarshe larura ce.

Babbar gasa kuwa ba ta da wannan uzuri. Ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, kowa ya je gidan kowa. Ta wannan hanya Pillars ta ci kofunanta huɗu a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma ta haka Rangers ta lashe na 2024, Remo Stars na 2025. Mai son rawar kai ta fitar da gwani nan take yana da Kofin Ƙalubale, wanda Pillars ta ɗaga a Kaduna a 2019 bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti.

Sannan akwai ɗan kallo. Matashin da ke hawa adaidaita sahu daga Gyadi-Gyadi zuwa filin Sani Abacha a Ƙofar Mata, ya sayi tikiti da kuɗin guminsa duk kaka, shi ne ake ce wa wasannin da suka fi muhimmanci za a yi su a nisan kilomita kusan 1,000. Mai sayar da ruwa da mai rake da mai tsire na bakin fili su ma an cire su daga ciniki. Sau biyun da aka yi Super Six a 'yan shekarun nan, duk a Legas aka yi.

Maganar alƙalanci gaskiya ce, amma maganinta shi ne hukumar gasar ta biya alƙalai hakkinsu a kan lokaci daga asusunta, ta samar da tsaro, ta nuna wasanni kai tsaye, ta hukunta mai laifi ko waye shi. Nan kuma magoya bayan Kano suna da nasu kason. Rikicin wasan Katsina United a Afrilun 2022 ya jawo aka zaftare wa Pillars maki uku, kuma a wannan kakar ta faɗa rukuni na biyu. Duk jifa ɗaya da aka yi a fili, hujja ce aka miƙa wa masu cewa a kwashe wasa a kai wani gari. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya dace hukumar NPFL ta yi shi ne ta riƙe cikakkiyar gasa a matsayin doka, ta fara kaka a kan lokaci don kada a sake fakewa da ƙurewar lokaci. Idan kuwa wata shekara ta tilasta a gajarta, to a sanar da ƙa'ida tun kafin a take leda, a bar ƙungiyoyi su shiga zagayen ƙarshe da wani kaso na makin da suka tara, sannan a riƙa zagayawa da shi tsakanin shiyyoyi: bana Legas, baɗi Kaduna ko Kano, wata shekara Uyo.